Rockbox

Rockbox manhaja ce ta kyauta da ake ɗora wa ƙananan na'urorin sauraren sauti na aljihu, irin su iPod da Sansa, domin ta yi aiki a madadin wadda kamfani ya saka musu. Buɗaɗɗiya ce: rubutun da aka gina ta da shi yana fili, kowa na iya dubawa, ya gyara, ya raba wa wasu, bisa lasisin GNU GPL. Mai gyaran waya a kasuwar Katsina zai kira aikin ɗora ta "filashin", kuma bai yi kuskure sosai ba. Sai dai a filashin ɗin waya manhajar kamfani ake mayarwa, nan kuwa ta wasu daban ake kawowa.

Asalinta

A ƙarshen shekarar 2001 ne wani ɗan ƙasar Suwidin, Björn Stenberg, ya fara aikin, tare da Linus Nielsen Feltzing da Daniel Stenberg. Na'urar da suka soma da ita ita ce Archos Jukebox ta kamfanin Archos na Faransa, wadda manhajarta ba ta gamsar da su ba. Da kansu suka bi cikin na'urar suka gano yadda take aiki. Daga nan aikin ya kai ga na'urorin iriver, sannan iPod na Apple, da Gigabeat na Toshiba, da Sansa na SanDisk. Fitowa ta 3.0 ta zo a 2008. 'Yan sa kai ne ke riƙe da ita.

Abin da take ƙarawa

Rockbox tana karanta nau'o'in sauti da yawa, har da MP3, FLAC, Ogg Vorbis, WAV, AAC da Opus. Ga mai iPod, babban sauƙin shi ne ba sai ya bi ta iTunes, manhajar kwamfuta ta Apple, ba. Ya jona na'ura da kwamfuta, ya kwafa fayil kamar yadda ake tura abu a memori, shi ke nan. Wanda ya kai wa masu turi su zuba masa tafsirin azumi zai tarar da komai cikin foldarsa, dare na ɗaya har na ƙarshe, a jere.

Inda ta fi nuna kanta shi ne dogon karatu. Kamfanoni sun gina manhajojinsu ne da tunanin gajerun waƙoƙi, ba zaman tafsiri na awa ɗaya da rabi ba. Rockbox tana ajiye alama a daidai inda aka tsaya, ta kowace folda daban, ta yadda wanda ya kashe na'ura da aka kira sallar La'asar zai dawo ya ɗora daga kalmar da malam ya tsaya. Akwai kuma maimaici tsakanin wurare biyu: mai hadda ya sa alama a farkon aya, ya sa wata a ƙarshenta, ayar ta yi ta zagayowa har ta zauna masa. In alaramma na sauri, ana iya rage saurin ba tare da murya ta yi kauri ba. A ganina wannan kaɗai ya isa dalilin da ɗalibin Islamiyya a Daura zai nemi tsohuwar Sansa Clip, wadda ba ta kai kwalin ashana biyu ba, ya maƙala a aljihun riga, maimakon waya mai kira da saƙonni suna yanke masa karatu.

Tana kuma iya magana. Idan aka saka mata fayilolin murya, za ta riƙa faɗin abin da ke kan allo da sunayen folda, abin da ya sa makafi a ƙasashe da dama suka rungume ta. Tana nuna rubutun Larabci in an zaɓi haruffan da suka dace. Akwai wasanni ma, har da dara irin ta Turawa.

Yadda ake ɗora ta

Abu biyu ake sakawa: 'yar ƙaramar manhajar da ke tayar da na'ura, da folda mai suna .rockbox wadda ke ɗauke da sauran komai. Akwai manhajar kwamfuta, Rockbox Utility, da ke gano irin na'urar ta kuma yi aikin duka, a Windows ko Linux ko Mac. Dole ma'ajiyar iPod ta kasance a tsarin ajiyar fayil da ake kira FAT32. Wanda aka tsara a Mac sai an sauya shi tukuna. Sansa kuwa sai an mayar da hanyar haɗinta da kwamfuta zuwa MSC, inda kwamfuta ke ganinta kamar memori, ba MTP ba. A yawancin na'urori manhajar kamfani ba ta gogewa. A tsofaffin iPod, riƙe maɓallin Menu yayin tashi yana mayar da mutum ga ta Apple.

Wuri guda ke da haɗari, wato lokacin rubuta manhajar tayarwa. In wuta ta ɗauke ko kebul ya motsa a wannan 'yan daƙiƙu, na'ura na iya ƙin tashi. Don haka kwamfutar tafi-da-gidanka mai cikakken caji ta fi ta tebur da ke jiran NEPA, kuma a kwashe abin da ke cikin na'urar kafin a fara. A yawancin samfura, iPod da ya sandare ana farfaɗo da shi ta danne Menu da maɓallin tsakiya tare.

Iyakarta

Rockbox ba ta buɗe sautin da aka kulle da kariyar mallaka. Ba kuma kowace na'ura take hawa ba, domin kowane samfuri da nasa ginin. Ko a gida ɗaya akwai bambanci: Sansa Clip, Clip+ da Clip Zip ba fayil ɗaya suke amfani da shi ba. Ƙananan na'urori marasa suna da ake sayarwa a teburan kayan waya, ko da sun yi kama da iPod a ido, ba sa ciki. Mai sayen ta hannu ya juya bayanta ya karanta lambar samfurin, ya duba ta a jerin da ke shafin Rockbox kafin ya biya kuɗi.