Sankarar Burkitt: kumburin muƙamuƙin da ba ya jira

Wace irin cuta ce?

Sankara ce ta fararen ƙwayoyin jini nau'in B, masu kare jiki. Ba kasafai ake ganinta a Turai ba, amma a sassan Afirka masu fama da zazzaɓin cizon sauro tana cikin manyan cututtukan daji na yara. Likitan fiɗa Denis Burkitt ne ya bayyana ta a Uganda a 1958. Ta fi kama 'yan shekara 4 zuwa 7, maza fiye da mata.

Me ya haɗa ta da bairas?

A 1964 aka gano bairas ɗin Epstein-Barr a cikin irin wannan ƙari. Ta yawu yake yaɗuwa, kuma kusan kowa na ɗauke da shi tun yarinta lafiya lau. Idan ya gamu da maleriya mai yawan dawowa, ƙwayoyin B sai su yi ta hayayyafa, garkuwa ta kasa tsawata musu, har wani yanki na kuromosom (zaren da ke ɗauke da bayanan gado a cikin ƙwaya) na 8 ya sauya gurbi da na 14, sai sankara ta fara. Sankarar kanta ba a ɗaukarta daga wani.

Ta yaya iyaye za su gane?

Muƙamuƙi ko gefen ido ya kumbura, sau da yawa ba ciwo, haƙora su fara girgiɗa, ko ciki ya tasa. Saurinta ne abin tsoro: ƙwayoyin kan ninka cikin awa 24 zuwa 48. Kada a ɗauka hangum ne: hangum kan sace cikin kwana goma, wannan kuwa kullum ƙaruwa yake. Kada a cire haƙori, kada a kai wa wanzami ya yi sakiya. A nufi asibitin koyarwa, a yanki ɗan tsoka a duba, a gwada ɓargo da ruwan laka da HIV.

Tana warkewa?

Ƙwarai, idan an zo da wuri. Ana haɗa magunguna irin su siklofosfamid, binkiristin da metotireksat, wani ma ta gadon baya ake yinsa don kare ƙwaƙwalwa. Kwanakin farko sun fi haɗari: ƙarin na narkewa da sauri, sinadarin fotasiyam da gishirin yurik su cika jini, ƙoda ta gaza. Shi ya sa ake fara ƙarin ruwa da alofurinol, maganin rage gishirin yurik, tun kafin allurar sankarar.

Kumburin ya tafi, a daina magani?

A'a, nan ake yawan rasa yara. Fuska kan daidaita cikin kwanaki alhali ƙwayoyin na nan, kuma idan ta dawo ta fi wuyar magani. A kammala duk zagayen da likita ya tsara. Zazzaɓin da ya kai digiri 38 a tsakanin allurai kuwa, a koma asibiti a ranar, ko da dare ne.