Ina makamashin ƙwallo yake tafiya idan ta daki ƙasa?

Mutane da yawa, har da ɗaliban kimiyya, sun daɗe suna ɗauka cewa ƙwallon da aka saki daga sama tana kasa komawa tsayin da ta fito ne saboda ƙarfin jan ƙasa ya cinye makamashinta, ko kuma makamashin ya ɓace kurum. Duka biyun kuskure ne. Jan ƙasa yana ƙara wa ƙwallo gudu yayin saukowa, sannan ya karɓe daidai abin da ya bayar yayin hawa, don haka ba shi ke jawo giɓin ba. Iska ma kaɗan take ragewa a gajeriyar faɗuwa.

Asarar tana aukuwa ne a ɗan ƙiftawar idon da ƙwallon ta daki daɓe. Gindinta yana lotsewa, robar ta matse sannan ta miƙe, kuma cikin wannan matsewa da miƙewa ƙwayoyin robar suna gugar juna, sai wani kaso na makamashin motsi ya rikiɗe ya zama zafi, wani ɗan kaɗan kuma ya fita a ƙarar da muke ji da girgizar daɓen. Tun a shekarun 1840 James Joule ya nuna a Ingila cewa motsi yana komawa zafi bisa ma'auni tabbatacce.

Kason ba ƙarami ba ne. A ƙa'idar hukumar tanis ta duniya, ƙwallon da aka saki daga santimita 254 a kan kankare za ta tashi tsakanin santimita 135 da 147, wato fiye da kashi 40 cikin 100 na makamashin ya sauya kama a bugu ɗaya tak.