Neman gurbin MBA: tambayoyin da na gaji da amsawa kan sanin kai

Duk shekara da watan Agusta ya kama, tambayoyi iri ɗaya ne ke iso mini daga masu neman gurbin MBA, wato digiri na biyu kan tafiyar da kasuwanci. Yawancin manyan makarantu suna rufe zagayen farko na karɓar takardun nema a Satumba, na biyu a farkon Janairu, kuma kowa sai lokaci ya ƙure yake tunawa da ni. Ga amsoshin a wuri guda. Wanda ya sake tambaya, nan zan turo shi.

Maki nawa ya kamata in ci a GMAT?

GMAT ita ce jarrabawar da makarantun kasuwanci ke nema wajen ba da gurbi. Yawancinsu suna wallafa matsakaicin makin ɗalibansu a shafinsu, je ka duba. Sabon tsarin jarrabawar da ya fara a ƙarshen 2023 yana ba da maki daga 205 zuwa 805, sakamakon kuma yana aiki shekara 5. Makarantu da yawa suna karɓar GRE, wata jarrabawar shiga karatun gaba da digiri na farko, a madadinta. Maki mai kyau zai sa a karanta takardunka da natsuwa, iyakarsa ke nan. Masu maki irin naka suna da yawa a layi.

Kullum kana cewa sanin kai. Me kake nufi?

Ka iya faɗin abin da ka ƙware a kai, da inda kake da rauni, da dalilin da ya sa ka ɗauki matakan da ka ɗauka a rayuwar aikinka, kuma waɗanda suka yi aiki da kai su ji su ce haka ne. Sharaɗin ƙarshen nan shi ne mai wuyar. Jami'ar Stanford ta daɗe tana yi wa masu nema tambaya guda: mene ne ya fi muhimmanci a gare ka, kuma don me? INSEAD ta Faransa ita ma ta daɗe tana neman mutum ya bayyana kansa tsakani da Allah, da ƙarfinsa da rauninsa. Babu inda za ka kwafo amsar waɗannan.

Ai yabon kai jahilci ne. Ta yaya zan zauna ina wasa kaina a takarda?

Kwantar da hankalinka, ɗan'uwa, wannan kunyar ba aibi ba ce. Babu wanda ya ce ka rubuta "ni haziƙi ne, ni shugaba ne na gari". Masu rubuta haka ma su ake fara gajiya da su. Faɗi abin da ya faru kawai: aikin da aka ba ka, mutum nawa ke ƙarƙashinka, wace shawara ka yanke da wani bai yanke ba, me ya biyo baya. Mai karatu zai yi yabon da kansa. Amma ka daina ɓuya a bayan "mun yi, mun yi". Ba duka ofishinku ne ke neman gurbin ba. A nuna mana hannunka a cikin aikin.

Wace makaranta ce ta fi kowace?

Ta fi wa? A Harvard kusan duk karatun muhawara ce a kan matsalolin kamfanoni na gaske, a aji mai mutum wajen 90, kuma kusan rabin makinka daga maganar da ka yi a aji yake fitowa. Idan ka san kai mutum ne da sai ya kwana da magana kafin ya furta, ka yi tunani da kyau. Shirin Amurka na shekara 2 yana da hutun da ake zuwa gwajin aiki a kamfani, wanda ke taimaka wa mai son sauya fanni gaba ɗaya. INSEAD wata 10 ne, gudu ake yi. Jerin sunayen da jaridu ke fitarwa bai san halinka ba.

An sallame ni daga aiki shekara biyu da suka wuce, na yi wata takwas a zaune. In faɗa ko in yi shiru?

Wannan ita ce tambayar da ba na amsawa da gaggawa, domin ta danganta da abubuwa da yawa.

Abu guda dai babu ja-in-ja a kansa. Idan fom ɗin ya tambaye ka kai tsaye dalilin barin aiki, ko an taɓa korarka, gaskiya za ka rubuta. Makarantu da yawa suna bincikar tarihin aikin wanda suka ɗauka bayan sun ba shi gurbi, kuma suna da ikon janye gurbin. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Gibin wata takwas kuwa zai fito da kansa a kwanakin da ke takardar tarihin aikinka, kuma idan ka yi shiru, mai karatu zai cike gibin da zatonsa, wanda sau da yawa ya fi gaskiyar muni.

Daga nan sai mu duba irin sallamar. Idan kamfani ne ya rufe sashe ko ya rage ma'aikata, layi biyu sun isa a wurin ƙarin bayani da yawancin makarantu ke bari: abin da ya faru, da abin da ka yi da lokacin. Kada ka mayar da shi labarin tausayi. Idan kuwa aikinka ne bai gamsar ba, to nan ake gane wanda ya san kansa. Dubi waɗannan jimloli biyu. Ta farko: "Shugabana bai fahimci salon aikina ba." Ta biyu: "Na karɓi ayyuka uku a lokaci guda saboda ina jin nauyin cewa a'a, biyu suka makara, ban kuma sanar da kowa ba sai da abokin cinikinmu ya kira." Mai jimla ta biyu zan fi son zama kusa da shi a aji, in dai ya iya nuna cewa a aikinsa na yanzu ya daina wannan ɗabi'ar, kuma akwai wanda zai shaida.

Ko ya dace ka gina babbar maƙalarka ta neman gurbi a kai? Yawanci ina cewa a'a, amma ba kullum ba. Idan abin ya sauya yadda kake aiki, kuma kana da shekara ɗaya ko biyu na hujja a bayansa, zai iya zama mafi ƙarfin abin da ka rubuta. Idan har yanzu ranka yana ɓaci in ka tuna, bar shi a gajarce, domin ɓacin ran zai fito a rubutun ko ba ka so. Gwada wannan: rubuta labarin duka, ka ƙirga sau nawa ka ambaci tsohon shugabanka, sau nawa ka ambaci abin da kai ka yi. Idan ya fi ka fitowa, ba ka shirya ba.

Akwai kuma inda ba zan yi maka alkawari ba. Idan sallamar ta shafi amana ko kuɗi, wata makarantar za ta saurare ka, wata ba za ta saurara ba, kuma mai yiwuwa abin da ya fi shi ne ka ƙara shekaru kana gina sabon suna kafin ka nema. Idan ka sa hannu a yarjejeniyar rufe sirri lokacin tafiya, karanta ta kafin ka rubuta komai. Masu tantancewa mutane ne, ra'ayinsu yana bambanta, kuma amsar da ta gamsar da wannan ba lallai ta gamsar da wancan ba.

Idan aka tambayi raunina, zan iya cewa ina son aiki fiye da kima?

A'a. Sun ji wannan har sun gaji. Nemo na gaske.

Wa zan ba ya rubuta mini wasiƙar shaida? Ina da hanyar samun shugaban kamfaninmu.

Ya san aikinka? Ba shi da amfani idan a taro kawai kuke gaisawa. Ka ba wanda yake duba aikinka kullum. Makarantu da yawa suna tambayar mai shaida ya faɗi gyara mafi muhimmanci da ya taɓa yi maka, da yadda ka karɓe shi. Ka ga ke nan idan kai ka ce rauninka jinkirin yanke shawara ne, shi kuma ya ce ba ka sauraron na ƙasa da kai, an ga tazara tsakanin yadda kake ganin kanka da yadda ake ganinka. Zauna da shi tun da wuri, ka tambaye shi, ka kuma yi shiru ya gama magana. Abin da ke ba ni haushi shi ne masu rubuta wasiƙar da kansu su kai a sa hannu. Salon rubutunka ɗaya ne a maƙala da wasiƙa, kuma masu karanta dubban takardu suna ganewa.

Zan iya biyan wani ya rubuta mini maƙalar, ko in sa kwamfuta?

Wa zai shiga intabiyu a madadinka? A Harvard wanda zai yi hira da kai ya riga ya karanta takardunka duka, hirar minti 30 ce, bayanta kuma kana da awa 24 ka rubuta abin da ka fahimta daga zaman. A Wharton, makarantar kasuwanci ta Jami'ar Pennsylvania, za a haɗa ka da wasu masu nema ku tattauna matsala ana kallonku. A ba wani ya duba maka kurakurai, wannan daidai ne. Makarantu da yawa kuma suna da dokarsu kan amfani da kwamfuta wajen rubutu, karanta ta.

Gaskiya ban san abin da nake so in zama bayan karatun ba. Shike nan na faɗi?

Ba ki faɗi ba, 'yar'uwa, kuma na fi jin daɗin wannan tambayar a kan ta masu haddace buri daga intanet. Makarantun sun san ɗalibai da yawa suna sauya hanya a tsakiya. Abin da suke dubawa shi ne ko burin da kika rubuta ya fito daga abin da kika riga kika yi. Ɗauki takarda, ki jera ayyukan da kika yi a shekarun nan, ki ware waɗanda kika yi su ba tare da kallon agogo ba da waɗanda kika yi don dole. Sannan ki nemi mutum uku ko huɗu masu yin aikin da kike hange, ki tambaye su yadda ranar Talatarsu take wucewa. Idan bayan wannan har yanzu ba ki ga abin da MBA zai ƙara miki ba, ki bar zagayen Satumba ya wuce. Akwai na Janairu, akwai kuma baɗi.