Dillancin masu tsara dabarun talla daga Damagaram: ga amsoshin, a daina maimaita tambaya

Ƙannena, tambayoyin nan kan sana'ar samo wa kamfanoni masu tsara dabarun talla a karɓi la'ada, na amsa su a waya, na amsa su a wurin suna, na amsa su a bakin Kasuwar Dole ina tsaye da kaya a hannu. Ga su a rubuce, kowa ya karanta kafin ya kira ni.

Nawa zan riƙa karɓa a hannun masu neman aiki, kuɗin rajista?

Ko dala. Da ita na fara don ita ta fi ɓata mini rai. Yaro ya gama Jami'ar André Salifou, yana yawo da takardunsa cikin leda, ko kuɗin kabu-kabu ba shi da su, kai kuma ka ce ya kawo jika biyar ka buɗe masa dosiye? Mai neman ma'aikaci shi ke biya. Ƙa'idar da ke cikin sashe na 7 na yarjejeniya ta 181 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 1997, ke nan. Ko ba a rubuta ba, ai akwai tsoron Allah.

Shi mai tsara dabarun tallan, ba mai zane ba ne?

A'a. Mai zane hoto yake yi. Wannan shi ke yanke wa za a yi wa magana, me za a ce masa, a rediyo ko a Facebook, da dalilin da zai sa ya saya. Shi ke rubuta takardar jagora da masu zane da masu bidiyo ke bi, in talla ta fita ya duba alƙaluma ya ce a ci gaba ko a sauya. A Landan aka fara ware shi a matsayin aiki mai zaman kansa, a 1968, a hannun Stanley Pollitt da Stephen King. In ba ka iya raba su biyun ba, kar ka fara.

Sai ina da digiri?

Ba dole ba. Faransanci na rubutu dole ne, Ingilishi kuma in kana son cinikin Kano.

To akwai kasuwar abin a nan garin kuwa?

Kaɗan ce, kuma ba zan yaudare ka ba. Manyan ofisoshin Airtel da Moov da Zamani da bankuna suna Yamai, kusan kilomita 900 daga nan, can ake yanke kuɗin talla. Kano ta fi kusa, wajen kilomita 240, kuma masu masana'antu sun fi yawa. Amma kwantar da hankalinka. Mai zama a Yamai in yana son saƙon da zai shiga kunnen matar Magarya ko manomin Mirya, ko ƙungiyar agaji tana son maganar rigakafi da ba za a yi wa kallon baƙuwa ba, mutanenmu yake buƙata, kuma bai san inda suke ba. Kai ka sani. Suna gidajen rediyo, suna cikin ƴan wasan kwaikwayo, wasu suna riƙe wa ƴan kasuwa shafukansu a waya ba tare da sun san sana'a suke yi ba.

Yaya zan gane gwani? Kowa CV ɗinsa cike yake.

Ajiye CV ɗin. Ka ce masa: ga wata Hajiya a Sabon Gari tana yin yawur, tana da jika hamsin na talla, azumi saura sati uku, me za mu yi? Sai ka yi shiru. Wanda ya fara da launin kwali da taken da zai rera, mai zane ne ko mai baki. Wanda nake nema tambaya zai jero maka. Wa ke saye yanzu, yara ko magidanta? In wuta ta ɗauke, awa nawa kayan ke jurewa? Wa ke sayar da irinsa a layin, kuma nawa? Wataƙila ƙarshe ya ce kar a kai kuɗin rediyo, a ba yara uku akwatin sanyi cike da ƙanƙara su tsaya ƙofar masallatai gab da shan ruwa. Wannan ka riƙe lambarsa da kyau.

Na kai yarinya kamfani, sun ce ba ta yi ba, bayan wata biyu na ji sun ɗauke ta. Wani kuma na kai, sati shida ya bar aikin, suna cewa in maido kuɗi. Ya zan yi?

Wannan kam ba ta da amsa guda, ya danganta da abin da ke rubuce. A kasuwar dabbobi dillali yana da shaidu, an tafa hannu gaban jama'a, la'adarsa ba ta ɓata. Kai naka cinikin a waya ake yi, daga kai sai manaja, don haka takarda ce kaɗai shaidarka.

In akwai yarjejeniya da ta ce duk wanda ka gabatar, aka ɗauke shi cikin wata shida ko shekara, la'adarka na nan, to rubuta musu cikin ladabi ka haɗa da kwafinta. Sau da yawa ba mugunta ba ce, wanda ka yi magana da shi ne ya sauya wuri. In babu takarda, gaskiya hannunka ya yi rauni. Sufeton ƙwadago rigimar ma'aikaci da ubangidansa yake dubawa, taka kuwa ta ciniki ce, kuma shari'a na iya cin abin da ya fi la'adar. A ganina ka nemi dattijon da suke jin nauyinsa, ka karɓi abin da ya samu, ko da rabi ne. Wani zai ce hakan na koya musu raini. Yana da hujja, sai dai garin ƙarami ne, za ku sake haɗuwa. Yarinyar kuwa kar ka taɓa ta, abinci take nema.

Gaba, kar suna da lambar waya su fita hannunka sai an sa hannu. Ka tura bayanin aikin mutum ba suna. In Alhaji ne mai cewa maganarsa ta isa, kar ka musa masa, ka koma gida ka tura masa saƙon WhatsApp: ranka ya daɗe, ga abin da muka tsayar. Ya amsa da "to" ma ya fi babu.

Shi kuma wanda ya bar aiki, abin da aka saba shi ne lamunin wata uku: ka kawo wani kyauta a madadinsa. Ni na fi son haka da maido kuɗi, amma da sharaɗi. In albashi suka hana shi, ko suka ɗauke shi tsara dabara suka mai da shi mai raba takardun talla a titi, lamuni ya faɗi. Ka ji ta bakinsa kafin ka yarda da tasu.

Farashin fa? A Turai da Amurka ana yawan karɓar kashi 15 zuwa 25 cikin ɗari na albashin shekarar farko. A nan in ka faɗi haka wasu za su miƙe tsaye. Albashin wata ɗaya ya fi sauƙin faɗa, ko da yake bai kai kashi 9 ba, don haka ga babban muƙami ka nemi na wata biyu. Ka yi ƙoƙarin karɓar kashi ɗaya cikin uku tun farko. In da mutanen Kano ne, a rubuta da sefa in sun yarda: ita a ɗaure take da yuro, yuro ɗaya sefa 655.957, naira kuwa tana iya sauyawa kafin a biya ka. Ba kowa zai yarda ba, sai ka gajarta wa'adin biya.

Kawu ya ce in saka ɗansa.

Ka gwada shi kamar kowa. In bai iya ba, ka je da kanka ka durƙusa ka ce: Kawu, wannan gurbin zai kunyata shi, a ba ni lokaci. Mutum ɗaya na alfarma ya isa ya rufe maka ƙofar kamfani.

Takardun hukuma?

Rajistar kasuwanci ta RCCM da lambar haraji ta NIF, in ba su ba kamfanin kirki da zai karɓi faktirinka. Ka karanta dokar ƙwadago mai lamba 2012-45 ta 25 ga Satumba 2012, sannan ka taka ofishin ANPE, hukumar samar da aikin yi, da na sufeton ƙwadago ka tambayi izinin da ake nema kafin ka kafa allo.

In ajiye aikina in shiga gaba ɗaya?

Tukuna. La'ada ba ta zuwa ƙarshen wata. Ka fara da yamma da ranakun hutu, da sanin ubangidanka, har kamfanin da ya biya ka ya sake kiranka da kansa, kuma kana da cefanen wata shida a ajiye.