Wa ya fi kowa laifi a wasan The Crucible? Amsoshin tambayoyin da kuka ishe ni da su

Duk lokacin da jarrabawa ta matso, tambayoyi iri ɗaya ake ta jefo mini kan wasan kwaikwayon nan na Arthur Miller, mai labarin shari'ar mutanen da wasu 'yan mata suka zarga da maita, wani a bakin aji, wani ta waya da tsakar dare. Bakina ya gaji. Ga su nan wuri guda, wanda ya sake tare ni a hanya nan zan turo shi.

Malam, da gaske abin ya faru?

Ya faru, a Salem ta Massachusetts da ke Amurka, shekarar 1692. An rataye mutum 19, an kuma danne wani tsoho, Giles Corey, da duwatsu har rai ya yi halinsa. Wasan kuwa a 1953 aka fara nuna shi.

Ƙone mayun aka yi?

Yanzu na ce rataya. Ba a ƙone kowa a Salem ba. Kuma ku daina rubuta mini "mayun", babu maye ko ɗaya a cikinsu.

Abigail da Proctor sun yi lalata da gaske?

A wasan, e: Abigail, jagorar 'yan matan da ke zargin mutane, ta taɓa yin aiki a gidan manomin nan Proctor. A tarihi Abigail Williams yarinya ce 'yar shekara 11 ko 12, John Proctor kuma dattijo ne mai kimanin 60. Miller ne ya mai da ita budurwa 'yar 17, ya rage wa Proctor shekaru, ya ƙulla abin da ke tsakaninsu. Kada ka cakuɗa mini wasa da tarihi a takarda ɗaya.

Me ya hana waɗanda ake zargi su musa kawai?

Musun ne ke kai mutum ga igiya. Kotun ta karɓi shaidar da ba mai iya ƙaryatawa: yarinya ta faɗi ƙasa tana birgima, ta ce kurwar wance ce ke shaƙe ta, alhali wance tana zaune a gaban alƙali hannu a cinya. Wanda ya amsa laifi ya ambaci sunan wasu, ya tsira da ransa. Wanda ya ce bai yi ba, an ce taurin kan Shaiɗan ne. Wannan bai kamata ya ba Bahaushe mamaki ba. Wanda ya taɓa ganin mai zazzaɓi ya ambaci sunan wata tsohuwa cikin sambatu, aka taru a kanta ana cewa sai ta tsallaka shi, ya san ba ta da mafita: ta tsallaka, an ce ta saki kurwar, ta ƙi, an ce ai ga shi nan.

Idan aka ce in zaɓi wanda ya fi kowa laifi, wa zan rubuta?

Yauwa, wannan ce tambaya. Zauna.

Yawancinku Abigail kuke ɗauka, kuma ba zan ce kun yi kuskure ba. Ta sha jini a daji don matar Proctor, Elizabeth, ta mutu. Ta tsorata sauran 'yan matan da barazanar abin da za ta yi musu cikin dare idan suka tona. Ta ga Mary Warren, 'yar aikin gidan Proctor, ta soke allura a cikin 'yartsana a kotu, sai ta caka wa kanta allura a ciki, ta ce aikin Elizabeth ne. A ƙarshe ta kwashe wa kawunta Parris fam 31 ta gudu. Ka jera waɗannan da kyau, za ka ci maki. Sai dai malamin da ya san aikinsa zai tambaye ka abu guda: marainiya, 'yar aikin da aka kora, wadda ba ta da gona ba ta da kujera, yaya aka yi bakinta ya zama hukuncin kisa? Wa ya ba ta wannan ƙarfin? Ba ta kama kowa ba, ba ta sa hannu a takardar kowa ba.

Akwai Thomas Putnam, wanda Giles Corey ya zarga da sa 'yarsa ta ambaci George Jacobs don ya saye filinsa. In ta fuskar niyya ce, da wuya a samu wanda ya fi shi baƙar zuciya, domin shi lissafi yake yi ido a buɗe. Matsalarka da shi ita ce bai cika fitowa ba, hujjarka za ta ƙare kafin ka cika shafi. Akwai Parris, limamin coci da 'yarsa ke kwance ba ta motsi amma damuwarsa kada maƙiya su raba shi da mumbari. Shi ne ya yi wa baiwarsa Tituba barazanar bulala har ta mutu, daga nan ta fara ambaton sunaye. Matsoraci ne mai son kansa, irin da ke hura wuta yana ɓoye a bayan wasu.

Ni dai, in ka tambaye ni, Danforth zan rubuta, mataimakin gwamnan da ke jagorantar shari'ar. Ma'aunina shi ne wa ke da ikon tsayar da abin da kalma ɗaya, ya kuma ƙi. Dubi abin da ya yi da Francis Nurse ya kawo takarda mai sa hannun mutum 91 da ke shaidar kirkin matan da aka kama. Tsohon nan ya yi wa maƙwabtansa alkawarin ba abin da zai same su, Danforth ya karɓi takardar ya ce a kamo su duka a bincika. Daga ranar, wa zai ƙara buɗe baki? Mafi muni yana babi na huɗu. An gaya masa Abigail ta yi sata ta tsere, wato babbar mai shaidarsa ta tabbata maƙaryaciya. Parris da Hale, limamin da aka gayyato ya binciki maitar, duka sun roƙi a ɗage rataya. Ya ƙi, wai an riga an rataye 12 kan laifi iri ɗaya, ɗagewa za ta nuna kotu na tangal-tangal. Ka ga a nan mutuncin kujerarsa yake karewa da wuyan Rebecca Nurse, matar Francis.

Amma fa ka yi hattara. Har tsakiyar wasan ana iya cewa Danforth ya yi imani da abin da yake yi, bai karɓi toshiyar baki ba, ba ya neman filin kowa. Wani malamin zai ce wanda ya san ƙarya yake yi tun farko ya fi shi laifi, kuma maganarsa na da gindi. Duba kuma yadda aka tsara tambayar. In "mugu" aka ce, niyya ake nema, Abigail ko Putnam sun fi dacewa. In "alhaki" aka ce, iko ake nema, nan Danforth ya shigo. Ko wa ka zaɓa, kawo wanda ke biye da shi ka faɗi abin da ya sa ka ajiye shi. Abin da ba na son gani shi ne "kowa na da laifi" daga wanda bai karanta ba yana neman hanyar zillewa.

To Proctor ba gwarzo ba ne?

Gwarzo ne a ƙarshe, da ya yage takardar amsa laifin da ya sa wa hannu. Amma tun babin farko Abigail ta gaya masa ba maita a lamarin, ya yi gum kwana takwas saboda tsoron asirinsa, sai da aka zo ɗaukar matarsa ya zabura. Rubuta duka biyun.

Hale fa? Ai ya tuba.

Bayan ya sa hannu a takardun kisa 72, da bakinsa ya faɗa. Kada tausayinsa ya sa ka goge lissafin.

Dole sai na ambaci McCarthy?

Layi biyu sun isa. Miller ya rubuta wasan a zamanin farautar 'yan kwaminisanci a Amurka, wadda sanata Joseph McCarthy ya yi suna a kanta, Miller kansa kwamitin majalisa ya kira shi a 1956 ya ƙi ba da sunan kowa. Kada ka kwantar da hankalinka a nan ka manta da Salem.

Zan iya kallon fim ɗin kawai?

Kalla, na 1996 Miller ne da kansa ya rubuta shi. Sai dai fim ɗin ya nuna rawar da 'yan matan suka yi a daji da kuma ratayar ƙarshe, wasan bai nuna ko ɗaya a dandali ba. Ranar da na ga ka kwatanta mini rawar nan filla-filla a takardar jarrabawa, na san ba ka buɗe littafin ba.