Tambayoyin da ake ta yi mini kan yunƙurin taƙaita 'yancin ƙungiyoyin ma'aikatan gwamnati

Na haura shekara ashirin ina koyarwa a makarantun firamare na karkarar Jigawa, kuma na daɗe ina riƙe da muƙami a reshen ƙungiyar malamai na ƙaramar hukumarmu. Tambayoyin da ke ƙasa an yi mini su a ofishin hedimasta, an yi mini su a gindin darbejiya lokacin tara, an tare ni da su a bakin masallaci da ranar kasuwa, har ta kai wasu suna bugo mini waya bayan sallar isha'i. Na gaji da maimaita amsa ɗaya, shi ya sa na rubuta, domin duk wanda ya sake tambayata in ce masa ya je ya karanta.

Wai wane 'yanci ne kuke cewa ana son taƙaitawa?

'Yancin ma'aikata su tura wakilansu su zauna da gwamnati a yi ciniki a kan albashi, da ƙarin girma, da alawus, da fansho, da sharuɗɗan sallama daga aiki, a rubuta abin da aka cim ma, a sa hannu, ya hau kan kowa. Shi ke nan. Yajin aiki makami ne da ake ɗauka idan zaman ya ci tura, ba shi ne 'yancin ba.

Doka ce ta ba mu, ko alfarma ce gwamnati take yi mana?

Doka ce. Sashe na 40 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowa damar kafa ƙungiyar ƙwadago ko shiga cikinta domin kare muradunsa. Tun 1960 Najeriya ta amince da yarjejeniyoyi biyu na Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, mai lamba 87 kan 'yancin kafa ƙungiya da mai lamba 98 kan 'yancin ciniki da murya ɗaya. Kada in ƙara jin malami yana cewa alfarma ce.

Ni ban ga wanda ya hana mu komai ba. Ina taƙaitawar take?

Ba za ka gani ba, Malam, domin ba da ganga ake zuwa da ita ba. A 2005, zamanin Shugaba Obasanjo, bayan jerin yajin aikin da aka yi kan ƙarin kuɗin man fetur, an gyara Dokar Ƙungiyoyin Ƙwadago. Gyaran ya hana masu aikin da doka ta kira na tilas shiga yaji, ya kuma ce yajin da ya halatta shi ne wanda aka yi kan haƙƙin da aka riga aka amince da shi aka saɓa, sannan sai an bi matakan sulhu, sai kuma mafi rinjayen 'ya'yan ƙungiya sun kaɗa ƙuri'ar amincewa. A 2021 kuma aka kawo ƙudiri gaban Majalisar Wakilai na a cire batun mafi ƙarancin albashi daga jerin abubuwan da tarayya kaɗai ke yi wa doka, ta yadda kowace jiha za ta yanka wa ma'aikatanta abin da ta ga dama. Uwar ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa, NLC, ta fita zanga-zanga har harabar Majalisa a watan Maris na shekarar, ƙudirin bai zama doka ba.

Waɗannan su ne na fili. Na ɓoye sun fi yawa, kuma su ne suka fi damuna: a kafa kwamitin albashi ba wakilin ƙungiya a ciki, a fito da takardar umarni kawai a manna a allon sanarwa na sakatariya, a riƙe kuɗin ƙungiya da aka yanka daga albashi a ƙi miƙa mata, ko a yi wa wata ƙungiya ta kishiya rajista a tsakiyar rikici, kamar yadda aka yi wa CONUA, sabuwar ƙungiyar malaman jami'a, a watan Oktoba na 2022 lokacin da babbar ƙungiyarsu ta ASUU ke cikin yajinta na wata takwas.

Ai gwamna ne ke ƙara albashi. Me ya sa za mu gode wa ƙungiya?

Wannan tambayar tana ɓata mini rai, musamman idan ta fito daga bakin mai takardar shaidar malanta ta NCE. Naira 125 da aka fara sa wa doka a matsayin mafi ƙarancin albashi a 1981, zamanin Shagari, sai da NLC ƙarƙashin Hassan Sunmonu ta tsayar da ƙasa cak kafin a same ta. Naira 18,000 ta 2011, da 30,000 ta 2019, da 70,000 ta Yulin 2024, babu wadda ta zo ba tare da an kai ruwa rana ba. A 2024 ma an rage wa'adin sake duba albashin daga shekara biyar zuwa uku, kuma a teburin ciniki aka samo wannan. Da Kano ta sanar da 71,000, Jigawa ta sanar da 70,000, an gode wa gwamnonin, kuma sun cancanci godiya, amma ƙasan da suka taka suka sanar wasu ne suka share shi. Sannan mafi ƙarancin albashi na ɗan mataki na ɗaya ne. Kai da kake mataki na bakwai ko na goma, abin da ya shigo maka ya dogara ne ga daidaita ƙarin a kan sauran matakai, wanda kwamitin ciniki na jiha ke zama a kansa layi bayan layi. Ka cire wannan zaman, sai ka wayi gari tazarar da ke tsakaninka da masinja ba ta sayi kwanon gero ba.

Kuɗin ƙungiya da ake yanka mini duk wata, ina suke zuwa? Zan iya fita?

Za ka iya. Tun gyaran 2005 shiga ƙungiya ganin dama ne. Game da inda kuɗin suke zuwa, haƙƙinka ne ka tambaya, kuma ba zan rufe maka cewa akwai shugabannin da ba sa son a tambaye su ba. Ka zo taro ka nemi a karanta lissafi, ka tsaya zaɓe, ka kayar da wanda ya ci amana. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne gwamnati ta fake da wannan ta toshe hanyar kuɗin. An yi haka a jihar Wisconsin ta Amurka a 2011: aka yi doka ta taƙaita cinikin ma'aikatan gwamnati ga tsurar albashi, shi ma kada ƙarin ya wuce hauhawar farashi, aka daina yanke kuɗin ƙungiya daga albashi, aka ce kowace ƙungiya sai ta sake neman ƙuri'ar 'ya'yanta duk shekara. Dubban malamai da ma'aikata suka mamaye ginin majalisar jihar na makonni, duk da haka dokar ta wuce, kuma ƙungiyoyin suka rame ƙwarai. Gemun ɗan'uwanka ne ya kama da wuta, ka san abin da ake yi da naka.

An kira yaji, amma an aiko da rajista daga ofishin sakataren ilimi cewa wanda bai sa hannu ba za a tsayar da albashinsa. Ina da iyali da bashin banki. In sa hannu ko kada in sa?

Wannan ce tambayar da ba ni da gajeriyar amsa a kanta, kuma duk wanda ya ba ka gajeriya bai damu da kai ba.

Da farko ka sani cewa barazanar tana da tushe a doka. Dokar Rikicin Ma'aikata ta 1976, a sashe na 43, ta ce wanda ya shiga yaji ba shi da haƙƙin albashi na kwanakin da bai yi aiki ba. Shekaru da yawa gwamnatoci suna karanta wannan sashe a rediyo ba sa aiki da shi, domin a ƙarshen kowane yaji ana sa sharaɗi a yarjejeniya cewa ba za a hukunta kowa ba, a kuma biya abin da aka riƙe. To amma a 2022 an yi aiki da shi a kan malaman jami'a, aka riƙe musu albashin watanni, daga baya aka biya wani ɓangare kawai. Saboda haka ba zan ce maka babu abin da zai faru ba. Yana iya faruwa.

Na biyu, ka bincika wane irin yaji ne. Idan na gargaɗi ne na kwana uku, wanda uwar ƙungiya ta jiha ta kira a rubuce bayan ta ba da wa'adi, kuma a kan yarjejeniyar da aka sa wa hannu aka saɓa, to ƙafarka tana kan tudu, kuma da wuya a iya ware kai kaɗai cikin dubbai. Idan kuwa wasu ne suka fusata a reshe suka ce a rufe makaranta ba takarda ba sanarwa, wannan wani abu ne dabam, kuma ni kaina ba zan ce ka bi su ba. Haka nan idan Kotun Ma'aikata ta ba da umarnin a koma aiki, lissafi ya sauya, sai ka jira abin da ƙungiya za ta ce bayan ta ga lauyoyinta. Ma'aikatan lafiya kuma nasu ya fi tsauri, domin asibiti yana cikin ayyukan da doka ta kira na tilas, jerin ma yana da faɗin da zai iya haɗiye kusan kowane ma'aikacin gwamnati idan aka so matsawa.

Na uku, ka dubi matsayinka. Wanda aka tabbatar masa da aiki ba ɗaya yake da wanda bai cika shekara biyu ba, balle na wucin gadi da ake iya sallama da layi biyu. Ni dai ban taɓa matsa wa sabon ɗauka ba, na kan ce ya zo ya gaya mana halin da yake ciki, mu san da shi. Wanda ya rage masa wata shida ya yi ritaya ma ina sassauta masa, domin ƙaramar matsala a fayil tana iya jinkirta giratuti.

Abin da nake roƙonka, ko wane ɓangare ka faɗa, kada ka yi shi a ɓoye. Kada ka bi ta bayan gari da babur da sassafe ka sa hannu ka dawo ka zauna cikinmu kamar ba ka yi ba. Rajistar nan ba don a ƙirga masu aiki aka kawo ta ba, don a ƙirga waɗanda suka karaya ne, kuma kowane sa hannu yana rage wa wakilanmu nauyi a teburi. Idan aka ba ka takardar tuhuma, kada ka amsa ta kai kaɗai cikin fushi ko tsoro, ka kawo ta a rubuta amsar tare, ka riƙe kwafi. Ka ajiye takardun albashinka na wata shida da suka wuce. Ka je wurin mai shagon da kake karɓar kaya tun kafin ƙarshen wata ka faɗa masa gaskiya, ya fi ka bari ya buɗe littafin bashi a gaban mutane. Kuma ka kwantar da hankalinka: a iya zamana cikin wannan aiki, wanda ya tsaya cikin jama'a bai taɓa shan wahalar da wanda aka samu shi kaɗai ya sha ba.

Na ga wannan da idona. Bayan wata tantancewa, sunan wani abokin aikina ya ɓace daga takardar biya. Wata uku yana zarya zuwa sakatariya da takardunsa cikin leda, daga takardar ɗaukar aiki har ta ƙarin girma ta ƙarshe, ana ce masa ya dawo jibi. Ya sayar da tunkiyar da yake kiwo don layya. Ranar da reshe ya tattara sunayen duk waɗanda abin ya shafa a takarda guda, aka kai wa uwar ƙungiya ta sa a cikin ajandar zama da gwamnati, ba a yi wata guda ba aka mayar da su, da ariyas ɗinsu. Takardun da ke cikin ledar nan ba su sauya ba.

Yara fa? Marasa lafiya fa? Ba zalunci ba ne?

'Ya'yanmu ne a azuzuwan nan, matanmu ne ke zuwa awo a ƙaramin asibitin nan, kuma babu malamin ƙauye da ke kai ɗansa makarantar kuɗi a Dutse. Ba ma jin daɗin rufe aji. Amma a teburin nan ne ake maganar aji mai yara fiye da ɗari da malami ɗaya, da rufin da iska ta yaye tun daminar bara, da asibitin da ma'aikaciya ɗaya ke kwana tana karɓar haihuwa da fitilar waya. Idan aka ce albashi kaɗai za a tattauna, ko kuma ba za a tattauna komai ba, waɗannan su ne farkon abin da zai faɗi.

Ba ku jin tsoron abin da ya faru a Kaduna?

Muna tunawa da shi. A 2017 an yi wa malaman firamare jarrabawa, aka ce sama da 21,000 sun faɗi, aka sallame su, kuma yajin ƙungiyar malamai ta NUT bai dawo da su ba. Ba na kare malamin da ba ya iya karatu. Abin da nake cewa shi ne yadda za a gwada, da wanda zai gwada, da abin da za a yi wa wanda ya faɗi, a zauna a kansu kafin a raba takardar jarrabawa.

'Yancin ƙananan hukumomi zai gyara mana ko zai ɓata?

Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli, 2024 ya ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. 'Yan'uwanmu na NULGE, ƙungiyar ma'aikatan ƙananan hukumomi, sun daɗe suna neman haka, ina kuma taya su murna. Mu malamai damuwarmu guda ce: kada albashinmu ya koma hannun ciyaman, a raba mu gida 27 a Jigawa, 44 a Kano, kowane reshe yana roƙon nasa shi kaɗai. A bar ciniki a matakin jiha, a cire kuɗin malamai tun daga tushe.

Me ya sa 'yan sanda da sojoji ba su da ƙungiya?

Doka ta hana su, tare da kwastan da jami'an shige da fice da na gidan gyaran hali. Ka tambayi ɗan sandan da ya yi ritaya yadda fanshonsa yake.

To ni yanzu me zan yi?

Ka zo taron reshe, ka zo da takardar albashinka ta watan jiya, ka zauna har a tashi. Idan Malama ce kuma nisa ko maigida ya hana, ki aiko da ƙorafinki a rubuce ta hannun wakiliyar mata, za a karanta shi a gaban kowa a sa a cikin bayanan taro.