Mudu da Kala: Amsoshin Tambayoyin Matasa kan Kiran Allah da Kasuwanci

Ni ba fasto ba ne. Hatsi da dankalin turawa nake saye da sayarwa a nan Jos, kuma a ekklesiyarmu an ɗora mini zama da matasa wata-wata bayan an tashi sujada. Tun da aikin gwamnati ya zama sai wane da wane, hirarmu ba ta cika wuce maganar sana'a ba. Ga tambayoyin da suka fi dawowa, da amsoshinsu yadda nake ba su a kan benci.

Baba, in an ce wane yana da kira, makarantar tauhidi ake nufi. Mai shago ma yana da kira ne?

Haka muka taso muka tarar. Yaro ya ce yana jin kira, sai dattawa su hau maganar makarantun tauhidi irin su TCNN ta Bukuru ko JETS ta Jos. Wanda ya ce gyaran mota yake so kuwa, iyakarsa a ce masa Allah ya ba da sa'a. Littafi Mai Tsarki bai yi wannan rabon ba. A Fitowa sura 31, Ubangiji ya kira Bezalel da sunansa, ya cika shi da Ruhunsa, aikin da aka ba shi kuwa ƙira ne da sassaƙa: zinariya, azurfa, tagulla, itace. Manzo Bulus ya zauna a Koranti yana ɗinkin tanti tare da Akila da matarsa. Lidiya ta Filibi 'yar kasuwa ce mai sayar da tufafin shunayya, kuma a gidanta Bulus da Sila suka sadu da 'yan'uwa da aka sake su daga kurkuku. A 1520 Martin Luther ya rubuta wa manyan Jamus cewa baduku da maƙeri da manomi kowa na da aikinsa a jikin Almasihu, kamar yadda firist yake da nasa.

Kiran farko ɗaya ne ga kowa, wato bin Yesu. Sana'a ita ce inda za ka amsa shi daga Litinin zuwa Asabar.

Na yi azumi, na yi addu'a, ban ji wata murya ba. Yaya zan gane nawa?

'Yata, waɗanda suka ji murya a Littafi Mai Tsarki kaɗan ne. Nehemiya labari ya ji cewa garun Urushalima na rushe, ya zauna ya yi kuka, abin ya ƙi barinsa har ya tashi. Dokas ta Yafa ba a gaya mana ta ga wahayi ba. Gwauraye ta gani, hannunta kuma ya iya ɗinki. Da ta mutu, riguna gwaurayen suka ɗago suna nuna wa Bitrus.

Ki duba abin da mutane suke zuwa wurinki dominsa tun kafin ki sa masa farashi. Ki duba kuma abin da ke ci miki rai alhali wasu suna wuce shi ko a jikinsu. Wata in ta ga tulin tumatir yana ruɓewa a Farin Gada sai ta toshe hanci ta wuce, wata kuwa sai ta kwana tana tunanin yadda za a shanya shi a yi kauɗa. Ta biyun nan ta fara jin wani abu. Daga nan ki tambayi waɗanda ba sa jin nauyinki, kamar uwar ɗakin da kika koyi aiki a hannunta ko tsofaffin Zumuntar Mata. Ƙawa za ta ce miki komai ya yi.

Sannan ki gwada ƙarami, don sai an gwada akan san na ƙwarai. In kina da aikin albashi kada ki ajiye shi tukuna. Ba a zubar da ruwan tulu don ganin hadari.

Riba ba son kai ba ce? Ta yaya tausayi da neman kuɗi za su sha inuwa ɗaya?

Wannan ita ce tambayar da ta taɓa karya ni, bari in daɗe a kanta.

Da na buɗe shago, zuciyata cike take da ƙwazo. Duk wanda ya zo da kuka sai in auna masa masara in ce ya kawo in ya samu. Ban rubuta ba, don a ganina rubutawa rashin bangaskiya ne. Kafin kaka ta zagayo uwar kuɗi ta narke, na kasa sarin kaya, yara biyu da ke aiki a ƙarƙashina na sallame su hannu rabbana. Ɗayansu da wannan albashin yake biyan kuɗin makarantar ƙanwarsa. Ni ina ganin kaina mai jinƙai, ashe gurasar yaran nan nake rabawa. Waɗanda na bai wa bashin kuma suka fara sauya layi in sun hango ni a bakin coci.

Abin da ya gyara mini tunani dokar kala ce, a Littafin Firistoci 19:9-10. Allah ya ce wa manomi in ya zo girbi kada ya kwashe har gefen gona, kada kuma ya koma ya tsince abin da ya zube, ya bar wa matalauci da baƙo. Ka lura da abin da dokar ta yi. Ba ta ce manomi ya kyautar da gonar ba. Tsakiyar gona tasa ce, daga ciki zai ci, ya biya ma'aikata, ya ajiye irin baɗi. Gefe kuwa an riga an cire shi daga lissafinsa tun kafin lauje ya taɓa kara, don haka ba sai ranar da zuciyarsa ta yi laushi ba. Shi ma matalaucin ba a tsaye yake da ƙoƙon bara ba, sunkuyawa yake ya tsinta da hannunsa ya tafi gida da mutuncinsa. Haka Rut ta yi a gonar Bo'aza tun safe har yamma, ta sussuke abin da ta tara ta kai wa surukarta. Bo'aza ya ƙara da cewa masu girbi su riƙa zare mata daga dammuna, kada kuma wani ya tsawata mata. Da Bo'aza ya bar gonarsa ta mutu saboda kirki, da Rut ba ta sami inda za ta yi kala ba.

Yanzu ga yadda nake yi. Ƙarshen wata in na fitar da riba, ina yanke gefenta. A ce ribar ta kai naira 100,000, bayan zakka sai in ware wani kaso da na riga na tsayar, ko 5,000 ne ko 10,000, ya zama na kala. Daga nan nake taimako. In ya ƙare ya ƙare, sai wata mai zuwa, kuma ina faɗa wa mutum gaskiya ba tare da kame-kame ba. Jari ba na taɓa shi, don ba nawa ne ni kaɗai ba, abincin gidaje da yawa na rataye a jikinsa.

To a harkar yau da kullum, ina ake ganin tausayin?

A mudu. Annabi Amos, sura 8, ya yi kaca-kaca da 'yan kasuwar da ke ƙosawa Asabar ta wuce don su koma su ƙanƙantar da mudu su tsawwala farashi, har su sayar da ƙaiƙayi a matsayin alkama. Masu zuwa sujada ne fa, ba sa fashi. Karin Magana 11:1 ta ce ma'aunin algus abin ƙyama ne ga Ubangiji. Mu nan mun san nau'insa: mudun da aka buga wa gindi, buhun dankalin da manya ke sama, ƙanana da masu tabo na ƙasa, sabon wake a cakuɗe da tsoho mai ƙwari. Wanda ya rubuta aya a allon shagonsa yana wannan, gara ya goge ayar.

Ana ganinsa kuma a wurin saye. Manomi ya taso daga Bokkos ko Mangu da dankalinsa, ya biya mota da tsada, musamman tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023. Ya san in ya kwana biyu kayan za su fara lalacewa, kai ma ka sani. Kana iya jan ƙafa har la'asar ka karya masa farashi, babu wanda zai ce ka yi sata. Ni dai na daina. Ina tayawa, ina neman ragi kamar kowa, amma ba na yin ciniki da wuyan mutum a hannuna. Abin da na gani kuma shi ne, lokacin da kaya ke wuya, manoman nan ni suke fara kira.

Sai hakkin ma'aikaci. Maimaitawar Shari'a 24:15 ta ce a biya ɗan ƙodago kafin rana ta faɗi, gama ransa na kan kuɗin. Ɗan dakon da ya sauke maka buhu goma ba shi da "gobe". Dokar 2024 ta sa mafi ƙarancin albashi naira 70,000, amma ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, wato kusan duk shagunanmu. Ke nan babu hukumar da za ta zo ta duba abin da kake ba yarinyar shagonka, daga kai sai Wanda Yakubu 5:4 ya ce kukan masu girbi ya kai kunnensa. In ba za ka iya biyan mutum biyu da kyau ba, ɗauki ɗaya. Yaron da ya yi maka shekaru yana koyo kuma, ka tsayar da ranar sallamarsa da abin da za ka ba shi tun farko, a gaban iyayensa.

Masu harkar hatsi kan tambaye ni batun ajiya. Saye da kaka a adana ba laifi ba ne, Yusufu ma rumbuna ya cika a Masar. Amma ya buɗe su da yunwa ta zo. Karin Magana 11:26 ta ce jama'a na la'antar mai ɓoye hatsi. In damina ta yi nisa, unguwa na kuka, kai kana jiran farashi ya ƙara ninkawa, ka san ɓangaren da kake.

Ɗan'uwa a cikin Ubangiji ya zo neman bashi. In na hana, ban yi zunubi ba?

Bashi hanji ne, yana cikin kowa, ba na raina mai nema. Amma ka zaɓi ɗaya tun kafin kaya su bar shago: kyauta ce ko bashi. In kyauta ce, daga kala za ta fito, ka faɗa masa, ka manta. In bashi ne, rubuta a gabansa da ranar biya. Wanda ya ji haushin rubutu, dama bai zo da niyyar biya ba.

Jos ta rabu, kowa na unguwarsa. Tausayin nan na 'yan coci ne kawai?

Tun rikicin 2001, da na 2008 da 2010, mutane da yawa sun sauya unguwa, har kasuwanni suka bi sahu. Na san akwai masu ciwo a zuci wanda ba zan iya cewa su share shi da hannu ɗaya ba. Amma Galatiyawa 6:10 ta fara da cewa mu yi wa kowa alheri, sannan ta ce musamman iyalin bangaskiya. A misalin Basamariye kuwa, da gangan Yesu ya sa mai jinƙan ya fito daga mutanen da masu sauraronsa ba sa ga maciji da su.

Da yawa daga direbobi da dillalan da nake hulɗa da su Musulmi ne, akwai wanda muka shekara fiye da goma ban taɓa kama shi da ƙarya ba. In zan auna wa wata Hajiya, mudun da na auna wa matar fasto shi zan ɗauko, gyaran da na ƙara wa waccan ita ma shi zan ƙara mata. Ba na tsare mai saye da wa'azi don ya shigo inda nake da iko. In ya tambaye ni dalilin da ya sa na mayar masa da canjin da ya manta, sai in faɗa masa.

Ba ni da jari. Daga ina zan fara?

Daga hannun wani. Shekara guda a ƙarƙashin mai sana'a ta fi rancen da za ka ƙona cikin wata uku. Ka shiga adashe da mutanen da ka san gidajensu, ko ƙungiyar gama kai ta ekklesiya in akwai. Ka guji manhajojin bashi na waya, ruwansu na cin mutum, in ka makara kuma sai su bi lambobin wayarka suna tozarta ka. Luka 14:28 ta ce mai son gina hasumiya ya fara zama ya yi lissafi: haya, mota, dako, abin da zai lalace, abin da kai kanka za ka ci. Ka raba aljihun shago da na gida tun ranar farko, in abin ya tsaya da ƙafarsa ka yi wa sunan rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni.

Wani abu kuma da zan faɗa ko da zai ɓata wa wasu rai. In mai wa'azi ya ce ka kawo jarinka gaba ɗaya ka "shuka iri" don ya ninka cikin kwana bakwai, riƙe kuɗinka. A misalin talanti na Matiyu 25, bayin da aka yaba juya kuɗin suka yi a kasuwa.

In kasuwar ta faɗi fa? Alama ce ba kirana ba ne?

Ba lalle ba. Da babbar kasuwar Terminus ta ƙone a 2002, masu gaskiya da masu algus tare suka yi asara, wuta ba ta duba littafin kowa ba. Na san mata da suka koma kasa kaya a bakin titi, suka sake tashi daga tire ɗaya.

In taka ta faɗi, ɗauko littafin shago ka kai wa wanda ya girme ka a sana'ar ku duba tare. Sau da yawa amsar tana nan a rubuce: bashin da ba a karɓo ba, haya da ta fi ƙarfin ciniki, ko hannun gida da ke shiga aljihun shago. Ni da tawa ta karye, wani dattijo ne ya zauna da ni a bayan coci ya sa na lissafa masa masu riƙe da kuɗina ɗaya bayan ɗaya. Ya ce in yafe wa gwauraye uku da ke ciki a fili, in je gidajensu in faɗa musu don su daina ɓuya. Sauran kuma ya raka ni da ƙafarsa muka bi su. Abin da muka karɓo bai kai rabi ba, da shi na sari buhu huɗu na masara, na aika aka kira mini ɗaya daga cikin yaran nan biyu.